Murɗin Hagu

Duk wanda ya bi layin masu gyara, daga rumfar mai faci har kwanar da ake wanke motoci, zai ga ƙofofin gidajen wurin kamar uwa ɗaya ce ta haife su. A saman kowace akwai adon rodi da aka murɗa kamar igiya, kuma duk murɗin hagu ya yi. Masu gidajen ba su sani ba, don ba wanda ke tsayawa ya tambayi ƙofarsa ina ta karkata. Mutum ɗaya ne ya sani, shi ne wanda ya ƙera su, Bahago mai walda.

Sunansa na gaskiya yana nan a katin asibiti, amma ko matarsa sai ta yi ɗan tunani kafin ta tuno shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tartsatsi ya cinye masa rabin gira, kuma ƙarar injin yankan ƙarfe ta toshe masa kunne ɗaya. Shi ya sa in yana gaishe ka za ka ɗauka faɗa yake yi. Ba shi da rigar da ba ta da ɗan hujin wuta, har ta zuwa unguwa, don ba ya iya wuce shagonsa bai taɓa wani abu ba.

Hannun nan na hagu ya sha wuya a makaranta. Malamin ajinsu ya yi ta bugunsa da rula har ya koyi cin abinci da gaisuwa da dama, amma guduma ta ƙi yarda. Da mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu kuma ga ciwo, sai ya ajiye boko ya kama koyon walda. Ba wanda zai riƙe autarsu a gida, don haka kullum yakan saɓa ta a kafaɗa zuwa wurin aiki, ya kifa mata gwangwanin fenti ta zauna a gabansa. Don kada ta yi kuka sai ya ba ta guntun waya da ƙusa, shi ma ya ɗauki nasa, suna fuskantar juna, yana naɗa wayar a jikin ƙusa tana kwaikwayo. Shi da hagu, ita da dama. In sun gama suka jera, nata murɗin ya bi wata hanya dabam.

"Auta, kin yi bai-bai," in ji shi.

"Yadda ka yi na yi, Yaya."

Ita ma gaskiyarta, shi ma gaskiyarsa, kuma har ta shiga makaranta ba su raba gardamar ba.

Auta ta fito da kai mai ja. Ta gama makarantar kusa ta tafi ta nesa, ta haye wata ƙasa ta daɗe, ta dawo ana ce mata Farfesa, aka ba ta ɗakunan bincike a wata cibiya can ɗaya gefen gari. Bahago bai taɓa yi mata gorin komai ba. Abin da ya dame shi kawai, in an tambaye shi aikin me ƙanwarsa take yi, sai ya rasa ta cewa. Likita ce? Ba ta duba kowa. Malama ce? Ba ta riƙe alli. Ranar da ya gaji ya tambaye ta, tana zaune a tsakar gidansa ta cire takalmi ta miƙe ƙafa.

"Ƙofa nake nema, Yaya."

"Ga ƙofofi nan a shago, ki zaɓa."

Ta yi dariya ta ce ba irin wannan ba. Zuciyar mutum, in ji ta, ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi ta, kowace da katangarta, kuma a jikin katangar akwai ƙofofi. In ƙofar ta buɗe, wani sinadari da ake kira kalsiyam ya kutsa ciki, sai naman ya matse. In ta rufe, sai ya saki. Bugun da kake ji a ƙirjinka ke nan, haka ma a jijiyoyin jini. An daɗe da sanin ƙofar tana nan, amma ƙanƙantarta ta sa ganin siffarta ya zama aiki. Su suna daskarar da ita ne a ƙanƙara, su sa ta a wata na'ura mai girman ɗaki, su yi ta ɗaukar hoto ba adadi, su harhaɗa.

Bahago ya gyara zama. "Ƙyaure nawa gare ta?"

"Sashe huɗu ne, sun kewaye rami a tsakiya."

"Tana da sakata?"

"Tana da abin da ke jin wuta ya ja ta ta buɗe. Kusan sakata ce."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe duk sana'a ɗaya muke yi."

Shekaru suka tura kafin Auta da mutanenta su ga ƙofar tasu sosai. Da suka gan ta kuwa, har lungun da maganin hawan jini yake zama ya tokare ta sai da suka nuna. Daga nan masu haɗa magunguna a ƙasashen da Bahago bai taɓa jin sunansu ba suka shiga duba hoton Auta kafin su yi nasu aikin, ɗalibai kuma suna ta zuwa mata daga nesa. Matar Bahago, wadda ke shan ƙwayar hawan jini kowace safiya, ta laƙa wa ƙwayar suna sakatar Auta. Auta ta yi bayani har ta gaji cewa maganin ya girmi aikinta, ita wurin zamansa kawai ta gano. Ko a jikin matar. Har gobe in ta manta sai ka ji ta ce, "Maigida, miƙo mini sakatar Auta."

Da wannan duka, Bahago bai taɓa taka cikin cibiyar ba. Sau ɗaya ya kai ta a babur da motarta ta lalace. Ya tsaya a bakin get, ya ƙare wa waldarsa kallo, ya ce aikin inji ne ba rai a ciki, ya juya. Ita ta ɗauka sauri yake yi. Gaskiyar ita ce ya hango mutane masu fararen riguna suna magana ƙasa-ƙasa, ya dubi hujin rigarsa, ya tuna muryarsa, ya ji tsoron ya kunyata ta. Ya fi son ya yi alfahari da ita daga nesa, kuma bai taɓa gaya wa kowa haka ba.

Sai ga shi wata rana ta zo masa shago da takardu a hannu. Cibiyarsu ta yi sabon gini, ana so a kafa siffar ƙofar nan a farfajiya, da ƙarfe, ta fi tsawon mutum. An kawo sunayen kamfanoni, ita kuwa ta ce tana da maƙeri.

Bahago ya karɓi takardun ya duba. Hotuna ne ta sama da ta gefe da ta ƙasa, kowane sashe da launinsa. Kuma abin duk murɗi ne, dami-dami, sun jingina da juna kamar rake a kasuwa. Bakinsa har kunne, amma ya daure ya ce zai duba ko yana da lokaci. Tana fita ya sallami mai tagogin da ke jiransa. Abin da yake so a ransa ɗaya ne, kafin kafaɗarsa ta gama ƙi, aikin hannunsa ya tsaya a inda nata yake, kuma ya tsaya ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

To, mai ƙera get yana da yadda yake aikinsa. Ba a walda ta fuska, don tabon wuta ya ɓata ado. Kife get ake yi a ƙasa a haɗa shi ta baya, in an gama a ɗaga a juya, sai fuska ta fito tas. Saboda haka Bahago, tun yana saurayi, in an ba shi zane yakan manna shi a gilashin tagar ɗakin ajiyarsa, fuskar tana kallon waje, rana ta haska, ya kwafe ta baya, ya zana da alli a siminti. Haka ya yi wa get ɗin asibiti, haka ya yi wa na makarantar 'yan mata, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Haka ya yi wa hotunan Auta, ɗaya bayan ɗaya.

Da ya kwafe ya dubi murɗin, sai ya ga ikon Allah. Duk hagu suka yi, daidai yadda hannunsa ke so. Ya leƙa rumfar maƙwabcinsa.

"Mai Faci, zo ka ga abin mamaki. Ashe cikin jikin mutum ma murɗina ake yi. Kai da kake ganin kanka na-dama, zuciyarka bahaguwa ce."

Mai Faci, wanda tun suna samari aikinsa ke nan tsokanar Bahago, ya ce shi ya sa wasu ke mutuwa ba ciwon komai, ashe aikin bahago ne a ƙirjinsu. Amma labarin ya zaga layin. Bahago ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai wankin mota, ya gaya wa matarsa har ta ce ta haddace. Ya ce da malamin nan mai rula yana da rai, da ya kai masa takardar ya gani.

Bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Yakan gasa rodi ya yi ja, ya soke kansa a ramin da ya huda jikin faif, ya riƙa zagayawa yana naɗawa, kafaɗa tana ƙara yana waƙa. Kowane murɗi sai ya gwada shi a kan alli. Ya goge tabon walda har ba ka gane inda aka haɗa. Sashe huɗun ya ba su launi huɗu kamar yadda ke takarda, a tsakiyar ramin kuma ya rataye wata ƙwallon tagulla da ya daɗe yana ɓoyo bai san ranarta ba. Ita ce kalsiyam. Ya hana Auta zuwa sai an gama, ita ma aiki ya sha mata kai, ba ta matsa ba.

Ranar da ta zo, ya yaye tamfol ɗin da kansa. Auta ta matso. Ta zagaya, ta shafa, ta leƙa ramin, idonta ya kawo ruwa. Bahago ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin akwatin kayan aiki, don shi ma nasa idon ba shi da tabbas.

Da ya waiwayo sai ya ga ta karkata kai. Ta ɗaga hannun dama ta dunƙule yatsu, babban yatsa a sama, ta kara a jikin wani murɗi. Ta sauke, ta ɗaga na hagu. Ta matsa gaba ta sake. Shi ya raini fuskar nan, ya san ta fiye da tasa. Ya matso kusa da ita.

"Faɗi mana," in ji shi.

Ta sauke hannu. Ya ga tana auna ko ta haɗiye maganar, ya kuma ga ta kasa, don ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

"Yaya, ka yi bai-bai."

"Yadda kika ba ni na yi." Sai kuma ya tuna, ya yi dariya har da tafi. "Af, ai a kife take. Juyawa za a yi. Mai Faci, kawo sarƙa."

Suka rataya ta a ƙugiya, suka yi ta ja suna nishi har ta juya, ƙasa ta koma sama. Auta ta sake kara hannu, ta girgiza kai. Ta sunkuya ta tsinci guntun murɗi a ƙasa ta miƙa masa, ta ce ya juya shi kai da gindi. Ya juya. Hagu. Ya sake juyawa. Hagu dai. Rayuwarsa duka yana murɗa ƙarfe, bai taɓa lura cewa murɗi ba ya sauya hannu don an kifa shi ba. Get shimfiɗaɗɗen abu ne, yana da gaba da baya. Wannan kuwa kamar takalmi ne, na hagu ko ya kwana yana juyi ba zai shiga ƙafar dama ba.

"A jikin mutum duk dama suke yi," in ji ta a hankali.

"Wa zai gane?"

"Ɗalibin da ya zo jiya ma zai gane."

Mai Faci, wanda da ma bakinsa ba ya shiru, ya naɗe sarƙarsa ya koma rumfa bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi yi wa Bahago ciwo a kan kowace tsokana.

Ya ce mata ta tafi, zai sake. Washegari ya gasa rodi ya juya zagayensa, ya nufi dama. Hannun ya ƙi. Murɗin ya fito wani wuri a matse wani a sake, kamar hanjin kaza. Ya jefar ya ɗauko wani, haka. Kafin mako ya ƙare kafaɗar ta kumbura, ko riga sai matarsa ta sa masa, ga ranar buɗe gini tana ta matsowa. Akwai masu injin murɗa rodi a bakin kasuwa, da yini ɗaya za su yi masa, amma in inji ya murɗa, me ya rage nasa a ciki? Ya daina waƙa, ya daina leƙa mai shayi. Ba kuskuren ne ya fi cin ransa ba, cika bakin da ya yi ne, da kuma tunanin cewa abin da ya guje wa tun ranar babur shi ne ya same shi.

Matarsa ta zuba masa ido kwana biyu, sannan ta ajiye masa waya a cinya. "Ƙanwarka ce, ba surukarka ba. Kira ta."

Ya kira. "Auta, ki ba kamfani. Hannuna ya ƙi."

"Kana shago? Ina zuwa. Kada ka sauya riga."

Ta zo ta ɗauke shi a mota. Da suka isa get ɗin nan mara rai ya ce ta sauke shi a nan, ta yi kamar da kunnensa mai toshiya take ji, ta wuce ciki. Farfajiyar sabon ginin shimfiɗe take da duwatsu, gaban ginin kuwa gilashi ne baƙi-baƙi tun daga ƙasa har sama, kana ganin kanka a ciki da itatuwan bayanka. Ta ja shi har gaban gilashin ta tsayar.

"Ɗaga hannun da kake riƙe guduma."

Ya ɗaga da ƙyar, yana cije leɓe.

"Wancan mutumin na ciki, wane hannu ya ɗaga?"

Bahago ya dubi gajeren tsohon da ke cikin gilashi, mai rabin gira da hujin riga. Ya daɗe yana dubansa.

"Dama," ya ce.

"A nan za a kafa ta, tana fuskantar gilashin. Duk abin da ka juya, shi zai mayar. Ba murɗi kaɗai ba, har jerin sassan."

Ya sauke hannu. Ransa bai kwanta ba. "Rufa-rufa ce wannan. Don ni yayanki ne."

Ta ce ba abin da za a rufe. Za a rubuta a jiki cewa wannan ta hagu ce, mai son ganin ta jikin mutum ya dubi gilashi. Ta gaya masa sai da aka kai ruwa rana da abokan aikinta, wasu har yanzu ba su so ba. Abin da ya ja sauran shi ne su ma na'urarsu takan ba su siffar a bai-bai, don hoton da take ɗauka ba ya faɗin gaba ko baya, sai mai aiki ya duba murɗin da kansa ya gane. Kowane sabon ɗalibi sai an ja masa kunne a kan haka, yana ji yana mantawa. Wanda ya wuce wannan kullum da safe ba zai manta ba.

Bahago ya juya maganar a ransa. Shi mutum ne mai son a raba masa kaya, kowa ya san nasa.

"To, tsaya. Wacce ce taki, ta ƙarfen ko ta cikin gilashi?"

"Ta gilashi."

"Tawa kuma ta bai-bai."

"E. Amma in aka ɗauke taka, Yaya, tawa babu ita."

Ya buɗe baki zai yi gardama, kamar yadda suka saba tun tana kan gwangwanin fenti, sai ya fasa. Ya gane ba maganar ƙarfe take yi ba. Ya ciro hularsa ya goge fuska, ya ce rana ce ta yi yawa a wurin, ya kamata su dasa bishiya.

An kafa ta kafin ranar buki. Mai Faci ne ya riƙe sarƙa, kuma bakinsa ya dawo, yana gaya wa masu fararen riguna cewa abokinsa ne kaɗai maƙerin da sai an sayi madubi kafin a ga aikinsa. Bahago ya yi dariya da muryarsa duka, ba wanda ya ce ya rage.

Yana nan yana sana'arsa a layin masu gyara, ko da yake yanzu ƙananan ayyuka yake karɓa saboda kafaɗa. Murɗinsa hagu yake yi har yau, kuma ya daina cewa zuciyar kowa bahaguwa ce. Lokaci-lokaci yakan hau babur da ɗan gwangwanin fenti da tsumma ya nufi cibiyar, masu gadi su buɗe masa ba tambaya. Yakan duba inda tsatsa ta fara ya shafe, ya goge ƙwallon tagulla. In ya gama da tasa sai ya taka zuwa gilashin, ya huro masa iska, ya goge wurin da ta Auta take fitowa. Shi yana gogewa da hagu, na ciki yana taya shi da dama.